Jar Ƙasa a Kwalbar Man Shafawa

Matso nan kusa, 'yar'uwa, ki ɗan rage esin nan, don maganar da zan gaya miki ba ta son a ɗaga mata murya.

Ni ba mai yawo ba ce. Maigidana gyaran esi yake yi, na'urar sanyaya ɗaki, ya fita da sassafe sai bayan magariba, ni kuma ina sama a gidanmu na unguwar Mesaimeer a nan Doha, daga kicin sai falo, sai fa in an kawo mini amarya ko 'yan biki in zana musu lalle. Boko ban yi nisa ba, firamaren ma da ƙyar. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina zaune zan gaya miki wa ke hawowa bene daga jin takunsa, in gaya miki ko da kaya ya zo ko hannunsa yake kaɗawa.

Ƙofarmu tana kallon ta wasu mata da miji, Kiristoci ne 'yan wani ƙauye can bayan Jos. Matar nas ce, duk ginin Sista muke ce mata. Mijin yana kula da injinan gwaje-gwaje a wani asibiti, ni na fara tsokanarsa da Injiniya har sunan ya bi shi. Ranar da muka fara haɗuwa da Sista a matattakala, ta tarar ina yi wa buhun shinkafa faɗa da Hausa don ya ƙi hawa. Ta ajiye jakarta ta rungume ni, ko gaisawa ba mu yi ba. Tun daga ranar kwanon miya bai daina tsallakawa tsakanin ƙofofin nan biyu ba.

Abu ɗaya ne yake damun Sista, kuma ba ta ɓoye mini ba. Injiniya yana da tsohuwa a gida, ta tsufa ƙwarai, ya yi shekaru bai je ya gan ta ba. Lokacin da mahaifinsa ya rasu ba a sake shi daga aiki ba, aka binne ba shi, yayyensa suka gaggaya masa magana a waya. Kunya ta kama shi. Shekara ta zagayo bai je ba, kunyar ta ƙaru, ta sake zagayowa, har ya zama ko hutu aka ba shi sai ya nemi dalilin zama. Sista kan je ita kaɗai ta dawo. Ta ce da ni, "Hajiya, matar nan kullum tana bakin ƙofa a kan 'yar kujerarta tana kallon hanya. Tsorona kada a kira mu a ce ta tafi bai gan ta ba. In haka ta faru, mutumin nan ba zai ƙara zama mutum ba."

To, Injiniya yana da wani wasa da yake ɓuya a cikinsa. Akwai wasu 'yan mutane na roba da ake sayarwa, ba su kai tsawon yatsa ba, farare fat ko ruwan toka. Sai ka bi su da fenti da ɗan siririn burushi, ka yi musu riga da wando da fuska, sannan ka tsayar da kowanne a kan wani ɗan faifai kamar kwabon da. Faifan nan shi suke kira bes, kuma ba a barinsa tsirara, sai an manna masa ƙasa da tsakuwa da 'yar ciyawa, don a ga kamar mutumin a wani wuri yake tsaye. Suna da ƙungiya, Turawa da Indiyawa da 'yan Filifin da Larabawa, suna haɗuwa a wani shago. In zafi ya shigo, aka daina fita, sai su sa gasa: kowa ya gama rukuni guda kafin ƙarshen bazara, yana tura hoto a waya a ga inda ya kai, ranar ƙarshe a jera su a tebur.

Sauran duk sojoji suke yi, da dodanni masu fukafukai. Injiniya ya ce shi mutanen ƙauyensu zai yi. Ya samo irin sojojin nan, ya dinga yanke musu takubba yana manna garma, yana murza wani abu kamar cingam ya yi musu ɗankwali da kwando da goyo. Wata rana na shiga kai wa Sista dambu, ya ga zanen lallen da ke hannuna, ya tsaya yana kallo, sannan ya nuna mini wata 'yar matar roba.

"Hajiya, hannun da ya zana wannan ai zai iya zana atamfa a jikin matar nan."

"Injiniya, girma ya kama ka kana wasan 'yartsana."

"Gaya masa dai," in ji Sista daga kicin. "Abokansa suna gina gidaje, shi yana gina mutanen roba. Har da tabarau biyu yake ɗorawa, kamar mai gyaran agogo."

"Ku dai ku yi ta yi," ya ce. "In na ci gasa ba wadda zan ɗauki hoto da ita."

Na ɗauki burushin don wasa, na ɗiga wa matar ɗigo-ɗigo a zani, sai ga atamfa ta fito. Ni kaina abin ya burge ni. Da daddare na gaya wa maigidana, ya suɗe hannu, sannan ya ce, "Maƙwabta ne, ki taimaka musu. Amma kada ki shigo mini da mutum-mutumi cikin gida, kuma kada ki zana wa ko ɗaya ido." Na ce na ji. Don haka a falonsu nake aikin, tufafi nawa, fuska tasa.

Matsala ta fara ne daga ƙasa. Wata Juma'a ya tuƙa har Umm Salal, can bayan gari, ya ɗebo yashi a bakin wata gona, ya zo ya koya mini yadda ake yi. A sirka farin gam na kafinta da ruwa, a shafa a kan faifan a kewaye ƙafafu, a tsoma cikin ƙasa, a ɗago a buga gefen da farce ragowar ta zube, sannan a sake ɗiga ruwan gam a kai ya jiƙa ta, in ta bushe ta kama ke nan. Ya yi guda ya ɗaga shi wajen taga. Ya daɗe yana juya shi.

"Wannan ba mutumin garinmu ba ne," ya ce. "Ƙasarmu ja ce. A kan farar ƙasa sai ka ga kamar ɗan ci-rani."

"To kai mene ne?" in ji Sista.

Ya ajiye faifan. Ya gwada rina yashin da jan fenti, ya fito kamar garin barkono. Daga ƙarshe ya kira yayarsa a gida, ya ce in an samu mai zuwa a ɗebo masa jar ƙasa ko kaɗan ce. Ina zaune ya yi wayar. Yayar ta yi dariya ta ce yanzu kuma ƙasa ake ci a Ƙatar? Daga bayanta na ji muryar wata tsohuwa tana tambaya, "Wa ke son ƙasa?" Ya ce a gaishe ta, yana sauri, ya kashe.

Wata nas da ta dawo daga hutu ta kawo saƙon, a tsakanin ƙullin kuka da daddawa. Kwalbar man shafawa ce, an wanke ta, an cika ta da ƙasa ja kamar manja, an naɗe murfin da tsumman zani an ɗaure tam. Ni na soya ta a busasshen kasko don kashe ƙwari, kamar yadda ya ce ana yi, na tankaɗe da rariya, na mayar kwalba. Ya ce a bar masa, shi zai yi bes ɗin da hannunsa. Washegari da safe sai ga shi a ƙofarmu da kayan aiki a jiki, ya gaisa da maigidana, sannan ya ce, "Hajiya, ko ke za ki riƙa yin bes ɗin nan? Hannunki ya fi nawa tsabta." Bai kalle ni ba da yake maganar. Na lura, amma na ɗauka sauri yake yi.

Lokacin Sista tana aikin dare, da rana barci take yi. Ta ba ni makulli. In na gama girki na yi azahar sai in tsallaka. Ke da kika san Doha a tsakiyar zafi, kin san wannan lokacin. Titi ba kowa, ko kyanwa ba ta tsallakawa, an saki labule ko'ina, ba abin da ke motsi sai esi. Ni tsakar ranar nan ta fi mini dare shiru.

Na zauna a teburinsu, mutanen suna jere a tire: manoma, mata masu kwando, wani mai rake, wata mai goyo. Na ɗauki manomi guda, na shafa gam, na tsoma, na buga da farce. Da na ɗiga ruwan a kai, jar ƙasar ta yi duhu, sai ƙamshi ya tashi. Ƙamshin ruwan farko, wanda ke tashi in hadari ya sauka a kan ƙasar da ta daɗe tana jira. Shekaruna nawa rabona da shi. Na rufe ido ina shaƙa, hawaye na neman zubo mini.

A nan na ji an ce, "Auta."

Muryar tsohuwa ce, ba gaggawa a cikinta. Irin kiran da ake yi wa wanda ke ɗaki na kusa, abincinsa yana hucewa. Na buɗe ido. Ƙofa a rufe take. Na leƙa ɗaki, Sista tana ta minshari da filo a kan fuska. Na koma na zauna. Aka sake cewa, "Auta." Ba daga ƙofa ba, ba daga taga ba. Daga ƙasa-ƙasa take zuwa, daidai tsayin tebur, amma kuma da nisa, kamar mai magana daga ƙarshen wata doguwar hanya.

Ban amsa ba. Tun muna yara aka hore mu, in ka ji kira ba ka ga mai kiran ba, ka kama bakinka. Kuma ba sunana ba ne. Na yi addu'o'in da na iya, na zauna ina kallon faifan har ƙasar ta fara bushewa daga gefe, duhun yana ja da baya. Da ta bushe, shiru.

Ki ce me ya sa na koma washegari. Ni ma na tambayi kaina. Wallahi ƙamshin ne ya mayar da ni, da kuma son in tabbatar. Na yi fenti na tsawon lokaci ban taɓa kwalba ba, ba abin da na ji. Na buɗe kwalbar na zuba ƙasa a busasshe a tafin hannu, ba komai. Na ɗiga ruwa, ƙamshi ya tashi, kiran ya biyo baya. Haka abin yake, kullum. In ƙasa ta jiƙa sai ta kira, in ta bushe ta yi shiru.

Na gaya wa maigidana. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Ke kunnenki ya fi na kyanwa. Esinsu ne, tsoho ne, in fanka ta goga sai ta yi kuka kamar mutum. Na taɓa gyara wani a wajen Corniche, can bakin teku, matar gidan ta rantse jariri ne a cikin bango."

"Malam, fanka ta san sunan mutum?"

"Ta san na wanda ya ƙi wanke ta."

Ranar hutunsa ya je ya kwance esin, ya wanke, ya sa mai, ya mayar. Ya ce lafiyarsa ƙalau, ya sha lemo ya fito. Bai ƙara yi mini dariya ba.

Na ci gaba da aikin, gasa tana matsowa, Injiniya yana tura hotuna abokansa suna yabon jar ƙasar, har wani Bature ya tambaya a wane shago ake sayar da ita. Ni kuwa abin da kunnena ke ɗauka ya fara hana ni sukuni. Muryar tana raguwa. A farko cike take, har da ɗan faɗa-faɗa a ciki. Da na kai kan mata masu kwando ta fara ja, sai ta huta tsakanin kira da kira. Da na kai kan mai goyo akwai wani numfashi da ke riga sunan fitowa, mai ɗan kurman sauti a ƙarshe, kamar ana jan tabarma a kan siminti. Na san wannan numfashin. Duk wadda ta taɓa jinyar tsoho ta san shi.

Ranar na jira Sista ta tashi. Ta fito tana hamma, da ɗankwali a karkace, ta zauna tana shan shayi.

"Sista, wa ake ce wa Auta a gidan nan?"

Ta sauke kofin a hankali.

"A bakin wa kika ji?"

Na gaya mata komai. Ina jira ta yi dariya, ita da ta yi karatu, take allura take auna jini. Ba ta yi ba. Ta ce, "Ko ni ban taɓa kiransa haka ba. Yayyensa ma da sunansa suke kiransa. Mama kaɗai ce." Ta ƙara da cewa, "Kin san tun da ƙasar nan ta zo ba mu ji muryar Mama a waya ba? Yau a ce tana barci, gobe a ce ta tafi coci, jibi a ce sabis."

Nan take ta kira yayar, ta buɗe sautin ta ajiye wayar a tebur. Aka gaisa, ya aiki, ya zafi, ya ruwa. Sista ta ce a ba ta Mama. Yayar ta ce ai yanzun nan ta fita wajen maƙwabta. Ni ba maganarta nake saurare ba, bayanta nake saurare. Ba kukan kaji, ba daka, ba yara, alamar a cikin ɗaki take an rufe ƙofa. Akwai ƙarar cokali a jikin kofi. Can ƙasa kuma akwai numfashi, mai ɗan kurman sauti a ƙarshe.

Na kama hannun Sista na matse. Da ta kashe na ce, "Tana nan kusa da ita a kwance. Numfashin da nake ji ke nan."

Kin san halinmu. Wanda ke nesa ba a gaya masa ciwo, a ce kada a tayar masa da hankali, sai an binne a kira shi a ce ya yi haƙuri. Tawa mahaifiyar haka aka yi mini. Ina nan gidan ina dama kunu, ita an riga an kai ta.

Sista ta yi masa magana da ya dawo. Ta bango na ji, ba wai na kasa kunne ba ne, bangon ne ba kauri. Ya ce yayarsa ba za ta yi masa ƙarya ba. Ya ce a bari ya gama gasa, saura kaɗan, sai ya nemi hutu. Ya ce maganar mata ce. Sai na ji ƙofar bayi ta rufe, famfo ya daɗe yana zuba.

Ranar Juma'a da la'asar na ce da maigidana ya raka ni. Muka tarar da Injiniya a tebur da tabaransa biyu. Duk mutanen sun tsaya a kan jar ƙasarsu, saura guda. Wata tsohuwa ce a zaune kan 'yar kujera, da sanda a jingine a gwiwa. Ni na yi mata zani tun tuni, shuɗi mai ɗigon fari, yadda ya kwatanta mini. Fuskarta kuwa har ranar fara fat, ya yi wa kowa ido ya tsallake ta.

Ban yi dogon bayani ba. Na ɗauki ɗan faranti, na zuba ƙasa kaɗan, na tsoma yatsa a kofin ruwa na ɗiga. Ƙamshin ya cika falon. Maigidana ya ce daga baya shi ƙamshin kawai ya ji. Sista ma haka. Ni na ji numfashin, ya daɗe yana ja, sannan sunan ya fito da ƙyar, rabinsa iska.

Injiniya nake kallo. Kafin sunan ya ƙarasa fita kafaɗarsa ta motsa, irin ta yaron da aka kira yana tsakiyar wasa. Ya cire tabarau guda, ya cire na biyu.

"Ashe kana ji," na ce.

"Tun ranar da ƙasar ta zo," ya ce. "Na yi guda ɗaya da kaina."

"Shi ya sa hannuna ya fi naka tsabta," na ce.

Ya sunkuyar da kai.

"Injiniya, ni ba malama ba ce, ban san mene ne wannan ba, kuma ba na so in sani. Amma na san murya. Wadda na fara ji da wadda na ji yanzu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Tana ƙarewa."

"Hajiya, da wane ido zan kalli yayyena?"

"Ba su suke kiranka ba," in ji maigidana. Shi ne abin da ya faɗa duk zaman.

Sista ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji ta jawo akwati daga saman kabad, ta fito ta dire shi a gabansa. "Khalas, magana ta ƙare," ta ce. "Da an buɗe ofis ka je ka tsaya har su sa hannu a takardar hutunka. In sun ƙi, ni zan je da kayan aikina in zauna musu a ƙofa. Yalla, maza tashi ka nemo fasfonka."

Wannan karon an sake shi. Ya tafi shi kaɗai, Sista ba ta samu wadda za ta canje ta a aiki ba. Ranar da ya tashi ta kawo mini kwalbar, saura 'yar kaɗan a gindi, ta ce, "Ajiye mini wannan a wajenki. Ba na iya barci da ita a gidan." Ƙasa ce ba mutum-mutumi ba, maigidana bai hana ba.

Ya same ta da rai. Sauran labarin a bakinsa na ji bayan ya dawo, yana zaune a falonmu, ya rame, an aske masa kai. Ya ce ranar da ya yi waya yana neman ƙasa, yayarsa ta ɗauki kwano za ta ɗebo a bayan gida, tsohuwar ta hana. Ta dogara sanda ta je ƙofar ɗakin da ya kwana tun yana yaro, ta durƙusa ta kankaro ta daidai inda ake taka ƙafa in za a fita. Ta cika kwalbar da kanta. Kafin ta rufe ta kafa bakinta a kai ta daɗe tana magana, ba wanda ya ji me ta ce, sannan ta yage bakin zaninta ta ɗaure. Washegari ta faɗi a tsakar gida. Bakinta ya karkace. Daga ranar har ya isa, kalma ɗaya ba ta ƙara fita daga bakinta ba.

Na ce, "Duk tsawon lokacin nan?"

"Ko ruwa da hannu take nunawa."

Ya ce da ya shiga ta gane shi. Ta kama wuyan hannunsa da hannun da ke motsi, ta kai yatsunsa hancinta ta shinshina, ta riƙe ba ta saki ba. Ya yi kwanaki yana ba ta kunu da cokali. A gabansa ta cika, da shi aka haƙa kabari, shi ya fara zuba ƙasa. Yayyen da yake tsoro kuwa, babban ne ya fara rungume shi a tasha.

Gasa ta wuce yana can. Abokansa sun ce ya kawo mutanen ko a makare a jera su, ya ce ba su cika ba.

Ni na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Bayan ya huta, wata ranar Asabar sai ga shi ya ƙwanƙwasa, maigidana ya buɗe. Ya tsaya daga waje, don ya san sharaɗin gidanmu, ya buɗe tafin hannunsa. Tsohuwar ce. Ya yi mata fuska. 'Yar'uwa, abin bai kai ƙwayar wake ba, amma har karkacewar bakin ya sa, da idon da ke kallon hanya. Faifan da ke ƙarƙashin kujerarta baƙi ne, tsirara.

"Hajiya, saura ita. Na san kwalbar tana wajenki. Ki yi mata bes, ina zaune a gefe. Sau ɗaya kawai nake so in ƙara ji."

Na ce ya bari in yi tunani.

Ko awa ba a yi ba Sista ta shigo, ta ja ni kicin ta tura ƙofa. Ba ta zauna ba.

"Don Allah, Hajiya, kada ki yi. Da tana raye, gida take kiransa, ya je ya dawo. Yanzu in ta kira shi, ina zai je?"

Na gaya masa abin da ta ce, a gabanta, don ba na son munafunci tsakanin mata da miji. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ba zan amsa ba. Saurare kawai zan yi." Sista ta ji kalmomin. Ni muryar na ji, kuma muryar mutumin da zai amsa ce.

Wataƙila ma ba abin da zai fito. Wataƙila in na jiƙa ta ƙamshi kawai za mu ji, ya yi kukansa, ya ɗora tsohuwarsa cikin mutanenta ya samu salama. Har yau tana kan teburinsa ita kaɗai a gefen tire, kowa a kan jar ƙasa ita a kan roba, kuma duk ranar da muka haɗu a matattakala sai ya gaishe ni ya ɗan tsaya yana kallona. Sista kuma in ta karɓi kwanon miya sai ta riƙe hannuna fiye da yadda ta saba.

Kwalbar tana kicin ɗina, bayan robar kuka. Kin san ƙarshen bazara a garin nan, yadda iska ke jiƙewa har gilashin taga ya yi gumi. In lokacin ya zo nakan tura ta cikin buhun shinkafa don kada danshi ya shige ta. In ina dafa ruwa tururi ya cika kicin, sai in tsinci kaina na tsaya cak da ludayi a hannu, na karkata kai.

Ƙasar da ta rage ba ta fi ta faifai ɗaya ba. Ke da kika ji duka, in ke ce kwalbar take hannunki, za ki ɗiga mata ruwan?